Tafinta Tsakanin Lambobi da Kunne: Yadda Aka Fito da Sauti Daga Cikin Kwamfuta

Muryar Alhaji Mamman Shata da ke cikin kwamfuta jerin lambobi ce. Haka ma kuntigin Ɗan Maraya Jos, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da ƙwaryar Barmani Choge. Babu abin da ke ajiye a cikin fayil sai sifili da ɗaya, miliyoyi a jere, kuma kunnen ɗan Adam ba ya jin lissafi. Dole sai an sami wani a tsakani wanda zai karɓi lambobin nan ya mayar da su lantarki mai hawa da sauka, lantarkin ya girgiza lasifika, ita kuma ta girgiza iskar da za ta shiga kunne. Wannan na tsakiya shi za mu kira tafinta a rubutun nan. A kasuwa kuwa da haruffa uku aka san shi, DAC.

Da yawa daga cikinmu, mazauna Nima da Sabon Zango da Kumasi da Tamale, mun lura cewa waƙa guda, fayil guda, sai ta fito tas a wurin wani, a kwamfutar wani kuma ta fito da gurnani da tsaki kamar daga cikin rijiya. Ruwa ba ya tsami banza. Abin yana da dalili, dalilin kuma yana da tarihi.

Kafin zamanin lambobi, siffar sauti ake kamawa. A 1877 Thomas Edison ya sa allura ta zana girgizar murya a jikin takardar kuza, bayan shekara 10 kuma Emile Berliner ya fito da faifai mai faɗi, wanda kakanninmu suka sani da garmaho. Ƙasar nan ma ta shiga da wuri, domin a 1928 ne kamfanin Zonophone ya ɗauki kiɗan ƙungiyar Kumasi Trio a Landan. Amma wanda ya zama namu na haƙiƙa shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na Holan ya nuna wa duniya a Balin a 1963, aikin injiniya Lou Ottens da abokan aikinsa. Ga araha, ga shiga aljihu, kuma duk mai rikoda biyu ya zama kamfani. A jakar direbobin manyan motoci da fataken goro da masu dawowa ganin gida waƙoƙin Kano da Katsina da Sakkwato suka riƙa isowa zango. Sai dai garmaho da kaset aibinsu ɗaya: kwafi ba ya kai uwarsa. Kowane juyi yana ƙara tsaki, yana rage kaifin murya, har a kai wurin da sai wanda ya haddace waƙar ne kaɗai yake jin kalmominta.

Maganin wannan aibi ya fito ne daga wurin masu aikin tarho. A 1937 wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, wanda yake aiki a Faris, ya kawo shawarar a daina aika siffar murya ta cikin waya. A maimakon haka, a riƙa auna tsayin igiyar sautin a kai a kai, a rubuta kowane awo da lamba, a aika lambar. Hikimar a nan take: siffa tana lalacewa a hanya, amma bakwai bakwai ce ko an kwafe ta sau dubu. Na'urorin zamaninsa ba su da saurin da za su aiwatar da abin yadda ya kamata, saboda haka tunanin ya jira shekaru. Tambayar ko sau nawa za a auna kuwa, aikin Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na 1949 suka amsa ta: a auna fiye da ninki biyu na sautin da ya fi kowane siriri da ake son kamawa. Kunnen matashi mai lafiya yana kaiwa kimanin girgiza 20,000 a daƙiƙa, don haka awo ya haura 40,000.

Sa'ad da Sony da Philips suka haɗa kai suka fito da faifan CD, wanda aka fara sayarwa a Japan a watan Oktoban 1982, sai suka tsaya a kan awo 44,100 a daƙiƙa. Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo wannan adadi mai ƙaho? Amsar tana da ban dariya. A lokacin babu wata ma'ajiya mai ɗaukar lambobi masu yawa haka sai kaset ɗin bidiyo, don haka aka riƙa ɓoye sauti a cikin layukan hoto. A tsarin talabijin na Turai, layi 294 sau 50 a daƙiƙa, awo 3 a kowane layi, ya ba da 44,100. A tsarin Amurka da Japan, layi 245 sau 60 sau 3, nan ma 44,100. Rikodar bidiyon ta mutu tun tuni, amma adadin da ta bari yana nan cikin kusan kowace waƙa da muke saurara. Kowane awo kuma an ba shi gurbi 16 na sifili ko ɗaya, abin da ake kira bit 16, wato matakai 65,536 tsakanin ƙasa da sama. Philips sun so a tsaya a 14, Sony suka dage a kan 16, kuma tasu aka bi.

Ita kwamfuta ba don sauraro aka ƙera ta ba. Wadda IBM suka fitar a 1981, uwar yawancin waɗanda ke kan teburanmu, 'yar ƙaramar lasifika gare ta wadda ba ta iya komai sai ƙara "fit" idan an yi kuskure. Masu wasannin kwamfuta ne suka matsa. A 1987 wani kamfani na Kanada ya fito da katin sauti mai suna AdLib, a 1989 kuma kamfanin Creative Technology na Singafo, wanda Sim Wong Hoo ya kafa, ya fito da Sound Blaster, wanda ya mamaye kasuwa. Na farkon bit 8 ne, matakai 256 kacal, sai a 1992 aka sami mai bit 16. Daga 1997, da tsarin Intel mai suna AC'97, sai masu ƙera kwamfuta suka fara manna tafintan a jikin babban allon da ke ɗauke da dukan kayan ciki, domin a rage kuɗi. Da yawa daga cikin waɗannan ba su san wani gudu ba sai awo 48,000, saboda haka duk waƙar CD sai an sake lissafa ta daga 44,100 kafin ta fito, kuma ba kullum ake yin lissafin da kyau ba.

Babbar matsalar dai wurin zama ce. Cikin kwamfuta maƙera ce. Ga na'urar rarraba wuta tana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, ga fanka, ga ma'ajiya mai juyawa, ga ƙwaƙwalwar injin tana zuƙar wuta tana saki. Duk waɗannan suna watsa hayaniyar lantarki. Lambobi ba ruwansu da hayaniya, matuƙar ana iya bambance sifili da ɗaya. Amma da zarar tafinta ya juya su sun zama lantarki mai rauni, to duk abin da ya taɓa shi ya shiga waƙa. Wanda ya taɓa sa lasifikar kunne a tsohuwar kwamfuta ya ji wani siririn cicci yana bin motsin linzami, wannan hayaniyar ya ji. An zaunar da tafinta a tsakanin maƙera, sannan ana zargin mai magana da rashin murya. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Mafita a bayyane take: a bar sauti a matsayin lambobi har sai ya fita daga cikin akwatin, a juya shi a waje, a ɗakin da babu guduma. Masu CD sun riga sun yi haka tun shekarun 1980, da wata hanya ta Sony da Philips mai suna S/PDIF, wadda ke kai lambobi daga injin faifai zuwa tafinta na daban. Amma yawancin kwamfutoci ba su da wannan ƙofa.

Ƙofar da kowa zai samu ta zo ne daga wata buƙata ta daban. A tsakiyar shekarun 1990 bayan kwamfuta cike yake da ramuka iri-iri, na firinta daban, na linzami daban, na allon rubutu daban. Kamfanoni 7, wato Compaq da DEC da IBM da Intel da Microsoft da NEC da Nortel, suka amince su yi rami guda ga kowa, kuma sunan injiniya Ajay Bhatt na Intel ya fi fitowa a aikin. A watan Janairun 1996 aka fitar da ƙa'idar USB ta farko. Ba ta karɓu nan da nan ba, sai da Apple suka fito da iMac a 1998, suka zubar da tsofaffin ramukan nasu suka dogara da ita. A wannan shekarar ce kuma aka rubuta ƙa'idar yadda sauti zai bi ta USB, yadda duk na'urar da ta bi ƙa'idar za ta yi aiki da zarar an soka ta, ba sai an loda mata wata manhaja ba. Gudun hanyar a lokacin bit miliyan 12 ne a daƙiƙa, alhali CD bai wuce miliyan 1.4 da ɗoriya ba. Wuri ya wadata.

Duk da haka, masu kunnen gaske sun yi shekaru suna raina sautin USB, kuma suna da hujja. Hujjar ita ce agogo.

Bai isa lambobi su iso daidai ba, sai an fitar da kowace a kan lokacinta. Awo 44,100 a daƙiƙa yana nufin tazara guda tsakanin kowane awo da mai bi masa, ba gaggawa ba jinkiri. Mu da muka tashi da kiɗa ba mu buƙatar dogon bayani: makaɗin da ya san duk bugun amma hannunsa yana rawa, ya ɓata kiɗa ko da bai tsallake ko ɗaya ba. Ita kuwa USB ba a jere take zubo lambobi ba, a ƙunshe take kawo su, ƙunshi guda kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Raba 44,100 gida 1,000, za ka sami 44.1, kuma ba a tsaga awo. Saboda haka ake aika ƙunshi 9 masu awo 44, na goma ya zo da 45. Ƙari a kan haka, a wannan salon aika, ƙunshin da ya lalace a hanya ba a sake aiko shi, domin sauti ba ya jira.

A na'urorin farko kwamfuta ce ke riƙe da lokaci. Tafinta yana kallon yadda ƙunshi ke isowa, yana ƙara gudun agogonsa ko ya rage domin ya yi daidai da ita. To agogon kwamfuta ba don kiɗa aka yi shi ba, kuma agogon da ake ta ja ana saki ba ya zama da gindinsa. Wannan rawar agogo takan bar 'yar dusashewa a sauti, musamman a sirara. Ƙa'idar USB tun farko ta tanadi wani salo da ke juya al'amarin, sai dai masu ƙera na'ura kaɗan ne suka yi wahalar bin sa. A wannan salo tafinta ne mai agogo, tsayayye, kusa da shi. Yana da ɗan rumbu inda yake tara lambobi, yana ɗiba da nasa gudun, yana kuma aika wa kwamfuta saƙo: ƙaro, ko rage. Kwamfuta ta koma mai miƙo kaya kawai. Wani injiniya ɗan Amurka, Gordon Rankin na kamfanin Wavelength Audio da ke Cincinnati, shi ne ya yi fice wajen rubuta manhajar da ta sa wannan salo ya yi aiki a na'urorin sauraro na gida. Kamfanin Ayre ya yi amfani da aikinsa a na'urar QB-9 a 2009, mai tsada ƙwarai. A 2012 kuma AudioQuest suka fito da DragonFly, wadda ba ta fi filashi girma ba, a kan kimanin dala 250.

Sauran labarin na faɗaɗa hanya ne da faɗuwar farashi. USB 2.0 ta zo a 2000 da gudun bit miliyan 480, ƙa'idar sauti ta biyu ta biyo a 2006, ko da yake Windows ba ta karɓe ta kai tsaye ba sai a 2017. A 2016 Apple suka cire ramin lasifikar kunne daga iPhone 7, wasu kamfanoni suka bi sahu, sai kasuwa ta cika da 'yan guntayen wayoyi da ake sokawa a gindin waya. A cikin kan da yawa daga cikinsu akwai cikakken tafinta, wanda a awo ya fi katin sautin da aka saya da tsada shekara 25 da suka wuce. Wanda Apple ke sayarwa mai bakin USB-C dala 9 aka sa masa.

A nan ya kamata mu faɗi ra'ayinmu, domin inda fasaha ta yi kasuwa, 'yan tsibbu ba sa nisa. Ana sayar da wayar USB mai bakin zinariya da kuɗin da zai sayi tunkiya, wai tana ƙara wa murya zaƙi. Wayar da ta bi ƙa'ida, ba ta yi tsayi fiye da kima ba, lambobin da za ta kai su ne dai mai zinariyar za ta kai. Haka ma rawar agogo: a na'urorin yanzu, ko masu araha, ta ragu har ta sauka ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Abin da tafintan waje ke gyarawa a zahiri shi ne tsaki da ciccin cikin akwati, da raunin ƙarfin da ba ya iya tura babbar lasifikar kunne. Idan kuma gurnani ne mai kauri wanda ba ya sauya murya, to sau da yawa daga wutar gida yake, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa a nan Gana, ko daga caja mara kyau. Gwajin ba ya cin ko sisi: a cire caja, a bar kwamfutar a kan batir. Idan gurnanin ya ɗauke, an kama ɓarawon, kuma sayen sabon tafinta ba lallai ya kore shi ba, tunda wutarsa ma ta wayar USB take zuwa. Mai kuɗi kaɗan kuwa, ya fara da lasifika mai kyau, domin bambancin lasifika biyu ya fi bambancin tafinta biyu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da babu tafintan da zai iya. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa tare da Karlheinz Brandenburg, aka kuma ba shi wannan suna a 1995, yana rage nauyin fayil ne ta hanyar zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba. A gudun da aka fi sabawa da shi, bit dubu 128 a daƙiƙa, kusan kashi 1 cikin 11 na lambobin CD ne ke saura. Juyi guda da aka yi da kyau ba laifi. Amma dubi hanyar da waƙoƙinmu suka biyo: kaset na biyar a jerin kwafi, wani ya kara waya a gaban rikoda ya ɗauka, aka ɗora a YouTube aka matse, aka sauke aka matse, aka tura a Facebook aka sake matsewa. Tafinta mai gaskiya zai faɗa maka abin da aka ba shi ne kawai, har da ɓarnar.

Wannan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutumin Kano. Shi yana fita ƙofar gida ya ji Hausa ta kowace kusurwa. Mu kuwa yaranmu suna tashi tsakanin Turancin makaranta da Twi ko Ga ko Dagbani na kasuwa, kuma sanannen abu ne cewa a bakin da yawa daga cikinsu ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, har kusa da ƙusa sun zama abu guda, kafa da ƙafa ma haka. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, wanda hawa da saukar murya ke raba kukan hawaye da kukar miya, shi ya sa kalangu yake iya magana. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, rediyo da kaset suka zama makarantarmu ta biyu, wadda ba a biyan kuɗi. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Abin da ya rage na lafazinsu shi ne abin da na'ura ta kama. Ɗan fashewar da ke raba ƙ da k, da kaifin ts da sh, suna cikin abubuwan da suke fara dusashewa idan tsaki ya rufe kaset.

Saboda haka, a ganinmu, aikin da ya fi muhimmanci da wannan 'yar na'ura za ta yi mana shi ne na komawa baya. Akwai irinta mai fuska biyu, wadda ke juya lambobi su zama sauti, ta kuma juya sauti ya zama lambobi. Ita ce za ka gani a ɗakunan ɗaukar waƙa na matasa, ta Focusrite ko ta Behringer, kuma akwai ƙanana masu araha da ke karɓar jan waya da fara kai tsaye daga bayan rikoda. Kasusuwan da ke cikin akwatunan iyayenmu, na waƙa da na karatu da na bikin aure da muryoyin dattawan da suka riga mu, zarensu yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa a kan wani ɗan kai na ƙarfe, kuma zafi da damshin ƙasar nan suna cin sa kowace damina. Rikodoji masu lafiya da masu gyaransu su ma suna ƙarewa.

Yadda ake yi ba shi da wuya. A goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit. A nemi ɗan sukurun da ke gefen kan, a juya shi a hankali ana saurara har sai muryar ta fi kaifi, domin kowane kaset da karkatar kan da ya ɗauke shi. A haɗa waya daga mafitar rikoda zuwa na'urar USB, kada a bi ta ramin makirfo na kwamfuta, wanda yake ƙara ƙarfi fiye da kima har sauti ya fashe. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa. A bar tazara, kada ma'aunin ya taɓa ja. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar kada a gaza awo 48,000 da bit 24. Wanda na'urarsa ba ta wuce bit 16 ba kada ya fasa, domin hakan ma ya zarce abin da kaset ke iya ɗauka. A ajiye uwar a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai, ba tare da an goge tsaki ko an ƙara mata kauri ba, a wuri biyu mabambanta. MP3 kuwa a cire shi daga jikinta domin rabawa a waya. Kaset mai minti 90 a ma'aunin CD bai kai gigabait 1 ba. A sunan fayil a rubuta mai muryar, da garin, da shekarar in an sani, da gidan da kaset ɗin ya fito.